Mai Faci da Rigar Lamba Bakwai

Rumfar Mai Faci tana jikin wata katanga, tsakanin shagon mai aski da na mai sayar da fenti. Ba ta da ƙofa, don babu abin sata a cikinta in ban da tsofaffin tayoyi, da benci mai ƙafa uku wanda bulo ya cike masa ta huɗun, da wani bahon ruwa da tsatsa ta ci rabinsa. Bahon nan ado ne kawai. Sauran masu faci sukan tsoma tub a ruwa su jira kumfa. Shi kuwa sai ya ba tub iska, ya kai shi saitin leɓensa na sama, ya lumshe ido yana juya shi a hankali har ya ji sanyin iskar da ke fita ta hudar. Daga nan ya dangwala yawu a wurin, ya dubi mai keken ya ce, "Ga ɓarauniyar." Tun yana saurayi haka yake aikinsa. Ko gashin baki bai taɓa bari ya taru ba, wai yana hana shi ji.

'Ya'yansa maza biyu ba wanda ya ɗauki famfo. Babban ya zama direba, mai bi masa ya zama tela. Sai autarsu mace, wadda ranar da aka haife ta ta cika asibiti da tsala ihu, har uban ya ce wannan ai ƙararrawa aka haifa masa. Sunan ya bi ta. Ƙararrawa a rumfa ta yi rarrafe, a rumfa ta yi wayo. Yaran unguwa sukan kawo ƙwallonsu da ta sace a yi mata faci, in ya gama sai ya miƙa wa yarinyar ta gwada. Ita kuwa ta dinga dukan katanga da ita ke nan har mai fenti ya fito yana rantsuwa gwangwanayensa na rawa a kan kanta.

Daga dukan katanga ta shiga ƙungiyar makaranta, daga nan ta 'yan matan gari. Mai Faci bai taɓa hana ta ba, a yi masa adalci. Shi ya sayo mata takalmin farko, shi yake manne shi in ya buɗe baki. Sai dai bai taɓa zuwa ya ga wasanta ba ko sau ɗaya. Wasa a ƙarshen mako ake yi, kuma a ƙarshen mako ne masu keke suke yin layi a rumfarsa. Kullum ta ce, "Baba, yau fa muna da wasa," sai ya ce, "Wani satin, Ƙararrawa, wani satin ina nan a gaba-gaba." Ana cikin wani satin wata ƙungiyar mata ta ƙasar da ke maƙwabtaka da su ta ɗauke ta. Ta aiko masa da hotonta cikin koriyar riga mai lamba bakwai, ya liƙa shi a katanga saman benci. Duk wanda ya kawo faci sai ya sha labarin lamba bakwai kafin a sallame shi. Takan bugo waya ta ba shi labarin wasanninsu, ya haddace, ya ƙara gishiri, ya raba wa unguwa.

Idon a hankali ya fara. Da farko ƙananan notina ne suke ɓace masa a ƙasa, ya yi ta lalube. Sai wata safiya ya tsaya ya gaida turken lantarki, har da tambayarsa iyali. Matarsa da ke bayansa ba ta yi dariya ba. Washegari ta tasa shi a gaba zuwa asibiti. Likita ya haska, ya auna, ya ce ciwon ya daɗe yana cin idon a ɓoye, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage masa gudu ne kawai. Da suka tashi fita likitan ya dafa kafaɗar Mai Faci ya ce, "Baba, in akwai abin da kake son gani, kada ka ajiye shi sai baɗi."

Sai da suka zo ƙofar gida Mai Faci ya ce, "Ban taɓa ganin yarinyar nan tana wasa ba."

"Yau ka sani?" in ji matar.

Tafiya a mota ba ta cikin lissafi. Mai Faci mutum ne da ko motar ɗansa ya shiga, kafin a fita unguwa ya fara amai. Amma akwai wata ƙungiyar masu yawon keke da suka daɗe suna kawo masa gyara, dattawa ne 'yan fansho masu matsattsun wanduna da huluna kamar an kife musu ƙoƙo a ka. Shugabansu wani tsohon hedimasta ne, mai son a jera a layi ko ruwa za a sha. A shekarar sun ƙudura za su tsallaka iyaka a kan kekunansu su zaga ƙasar maƙwabta, kuma suna neman wanda zai riƙa bin su da kayan gyara. Mai Faci ya ce zai je, da sharaɗi ɗaya: a bi ta garin da ƙungiyar 'yarsa take. Hedimasta ya ji daɗin shawarar ƙwarai, ya ce wannan ai ziyarar zumunci ce tsakanin 'yan wasa da 'yan wasa. Ya nemo lambar ƙungiyar ya shaida musu baƙi masu keke na tafe. Mai Faci ya roƙe shi kada ya ambaci sunansa, so yake yarinyar ta ɗaga kai kawai ta gan shi.

Zancen ido kuwa bai gaya wa kowa ba, don ya san Hedimasta ba zai ɗauki mai laluben hanya ba. Matarsa ta yi faɗa, ta yi kuka, da ta ga ya kafe sai ta yago wani ƙyalle ruwan ɗorawa mai haske daga tsohon labule ta ba shi. Ya ɗaura shi a bayan keken Hedimasta, wajen ɗora kaya, ya ce don motoci su riƙa hango su ne. Ƙyallen nan shi ne hanyarsa. In ya yi dama ya yi dama, in ya tsaya ya ja birki.

Har iyaka lafiya lau. Daga can ne duniya ta juye masa. Mutane suna magana, bakinsu na motsi kamar na kowa, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnensa. Ya gaida mutum, mutumin ya amsa da wani abu mai tsawo, shi kuma ya ce "Madalla" bai san ko zaginsa aka yi ba. Hedimasta ya ce ya taɓa koyon harshen a makaranta, shi ya zama tafinta. Sai dai in ya tambayi hanyar masauki a kai su tashar mota, in ya nemi shayi ba sukari a kawo musu ruwan zafi da sukari ba ganye. Duk da haka bai taɓa yarda kuskuren nasa ne ba, cewa yake mutanen wannan yankin ba su iya harshensu da kyau ba.

A wani gari mai yawan mararraba Mai Faci ya bi ruwan ɗorawarsa kamar kullum. Ya ga dai Hedimasta ya ƙara sauri, ya kuma fara kutsawa lunguna, ya ce a ransa tsohon nan yau ya sha wani abu. Sai da suka tsaya a tsakiyar kasuwar kifi ya matso, ya tarar wata mata ce da jarkar mai, ruwan ɗorawa, a bayan kekenta. Matar ta juyo ta zazzaga masa masifa, ga alama ta daɗe da lura ana bin ta. Ya tsaya riƙe da keke ya yi tsuru-tsuru, bai san inda ya fito ba balle inda za shi. Da 'yan uwan tafiyar suka gano shi, ya ce musu tunani ne ya ɗauke masa hankali. Hedimasta ya yi masa lacca a kan bin layi, ya saurara da kai a sunkuye. Tun daga ranar yake manne da tayar Hedimasta kamar zai hau ta.

Filin ƙungiyar yana bayan wata masana'anta a gefen gari, an kewaye shi da waya, da benayen katako na zaman 'yan kallo a gefe ɗaya da wani dogon ɗaki mai rufin kwano a ƙarshe. Sun iso ana dab da fara wasa. Wata mata mai usur a wuya, kociyar ƙungiyar, ta tarye su da fara'a. Hedimasta ya gyara tsayuwa ya yi jawabi mai tsawo, ta yi ta gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba amma yana da kirki. Aka zaunar da su a bencin gaba.

Mai Faci ya ɗiga maganinsa a ɓoye, ya goge ido, ya duba fili. Abin da ya gani kore ne a kan kore. Wasu inuwoyi masu kore suna gudu, wasu masu fari suna bin su, ƙwallon kuwa sai dai ya ji ƙararta. Ya yi wannan doguwar tafiya, ga shi ga filin, kuma ba ya ganin komai.

"Malam," ya ce da Hedimasta, "rana ta kashe min ido. Ina lamba bakwai?"

"Ga ta can gefen dama. Kai, Mai Faci, 'yarka akwai gudu!"

Ya kafa ido a inda aka nuna masa har ya ware inuwa ɗaya daga cikin sauran, ya riƙe ta kamar yadda ya riƙe ƙyallen. Doguwa ce. Ya ce a ransa yara suna ƙara tsawo in sun bar gida. Gudunta ma ba irin wanda ya sani ba ne, amma me ya sani? Yaushe ya taɓa ganin gudunta a fili? Ya miƙe tsaye ya buɗe murya.

"Ƙararrawa! Ƙararrawa, ga ni nan! Buga!"

'Yan kallo suka juyo suna dubansa. Wasu suka ɗauka wata kalmar ƙarfafa gwiwa ce ta baƙi, suka kama maimaitawa suna tafi. Kafin a je hutun rabin lokaci rabin benayen na ihun Ƙararrawa, ba wanda ya san abin da yake faɗa. Lamba bakwai ko waiwaye ba ta yi ba. Ya ce aiki take, ba a waiwaye a bakin aiki. Can wajen ƙarshe fili ya kaure da sowa, Hedimasta ya rungume shi yana cewa, "Ta ci! 'Yarka ta ci!" Mai Faci ya yi tsalle, hawaye na zuba, yana murnar ƙwallon da bai gani ba.

Ana busa tashi ya tsallake igiya ya nufi inuwar tasa da hannuwa a buɗe. Sai da ya zo dab da ita, inda idonsa yake iya aiki, ya tsaya cak. Yarinyar ta fi shi tsawo da kai guda. Fuskarta doguwa, da wushirya. Ƙararrawa ba ta da wushirya. Ko tana da ita? Ya nemi fuskar 'yarsa a ƙwaƙwalwarsa, sai hoton jikin katanga yake gani, shi ma dishi-dishi.

"Ƙararrawa?" ya ce a hankali. "Ni ne. Babanki."

Yarinyar ta yi murmushi, ta kama hannunsa da hannu biyu ta girgiza, ta faɗi wata magana da harshensu. Ya juya wajen Hedimasta.

"Me ta ce?"

Hedimasta ya yi tari. "Ta ce... ko dai ta gode da zuwanka, ko kuma tana tambaya ko kai ne direbanmu. Amma Mai Faci, wannan ce 'yar taka? Ban ga kama ba."

"Lamba bakwai ce?"

"Bakwai ce, ga ta ɓaro-ɓaro."

"To ita ce mana." Ya sake duban yarinyar. "Ke, ba ki gane ni ba ne? Ko harshen gida kika manta?"

Yarinyar ta dubi ƙawayenta, suka dube ta. Kociya ta zo tana tambaya, Hedimasta yana fassarawa, kowace fassara tana ƙara dagula lamarin. A wani wurin ma kamar an fahimci Mai Faci yana son sayen rigar ne, har wata ta tafi neman sabuwa. Shi dai yana tsaye a tsakiyarsu, kansa ya ɗaure tam. Ko garin suka ɓata, kamar ranar kasuwar kifi? Ko yarinyar kunyarsa take ji, tsoho mai baƙin mai a farce, a gaban ƙawayenta? Ko kuwa, abin da ya fi tsorata shi, 'yarsa ce tsaye a gabansa kuma ciwon ya kai inda ba ya iya gane abin da ya haifa? Ya zare hannunsa, ya ce zai je ya duba kekuna.

Bai sami kekunan ba. Ya bi jikin waya yana dafawa har ya ɓullo bayan dogon ɗakin nan, inda hayaniya ba ta kaiwa sosai. Ya jingina da bango. Nan ya ji ƙarar famfo daga wata ƙofa da ke buɗe. Kunnensa ya san famfo kamar yadda ya san muryar matarsa, kuma wannan mai bugun ba ya gaggawa, gajeru yake yi sannan ya danna mai tsawo. Ya leƙa.

Ɗakin kaya ne, yana warin roba da gumi. Riguna a igiya, takalma a kwando. A ƙasa kusa da taga wata tana zaune, ta miƙe ƙafa ɗaya sambal, gwiwar a naɗe da bandeji. Ta farke ɗinkin wata ƙwallo ta zaro robar cikin ta ba ta iska. Ga bokitin ruwa a gefenta ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗaga robar saitin leɓenta na sama tana juyawa a hankali. Bai ga fuskarta sosai ba, hasken taga ya hana. Ya ga dai hannun ya tsaya, yatsa ya je baki ya dawo ya dangwala.

"Ga ɓarauniyar," in ji Mai Faci daga bakin ƙofa.

Robar ta faɗi daga hannunta. Ba ta ɗago ba.

"Baba, tun ihunka na farko na ji ka," ta ce. "Na kasa fitowa."

Ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya kai hannu ya taɓa bandejin. "Tun yaushe?"

"An kusa shekara. An yi aiki, bai yi ba. Sun ce in manta da fili. Kociya ce ta ce in zauna in riƙa kula da kaya, tunda na iya gyara. Rigar kuma aka ba wata. Kullum in na ɗauki waya zan gaya maka, sai ka fara ba ni labarin yadda ka gaya wa mai aski na ci ƙwallo. Sai in ce wani satin."

Mai Faci ya san wannan "wani satin", a rumfarsa aka haife shi.

Ta share fuska da bayan hannu, ta yi 'yar dariya. "Amma Baba, kai ma ka ban mamaki. Na leƙa ta taga na gan ka kana bin waccan da ihu. Yarinyar da ta yi biyuna a tsawo? Ko daga bakin titi ai..." Ta matso da fuskarta kusa da tasa, ta daɗe tana duban idanunsa. Ta ɗaga hannu ta gefen kunnensa ta motsa yatsu. Bai ƙifta ba, bai ma san ta yi ba.

"Baba. A haka ka hau keke ka tsallako ƙasa?"

"Akwai ƙyalle," ya ce. "Mamanki ta ba ni."

Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kukan da ya sa aka raɗa mata sunanta. Ya bar ta ta yi mai isarta. Shi kansa bai san ko baƙin ciki yake ji ba ko sauƙi. Abin da ya zo gani babu shi, ba kuma zai ƙara kasancewa ba. Amma ya gane 'yarsa, ba wanda ya nuna masa ita.

Da ta lafa ya jawo robar, ya laluba aljihunsa ya fito da gam da ɗan faci, don bai taɓa fita ba su ba. Ya kankare, ya shafa, ya hura, ya manne. Ita ta mayar da robar ciki ta ɗinke, shi ya ba ta iska. Ya matsa ƙwallon da babban yatsa, ya miƙa mata kamar yadda ya saba.

"Gwada."

"Baba, ƙafar..."

"Ɗayar fa? Ita ma an yi mata aiki?"

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta jingina bayanta da kantar takalma don ta ɗauke wa gwiwar nauyi. Ta saki ƙwallon a kan lafiyayyar ƙafar, ta buga ta a bangon ɗakin. Ta dawo, ta tare ta da gefen ƙafa, ta sake bugawa. Rufin kwano ya amsa, takalma suka fara rawa a kwando. A waje ana jin Hedimasta yana kiran sunansa, yana yi wa wani bayani da harshen da ba mai ganewa.

Mai Faci ya ja jiki ya matso har iskar ƙwallon tana taɓa masa fuska. Daga nan yana ganin komai, ƙafar, da ƙwallon, da yadda take cije leɓe kafin ta buga.

"Matsa baya, Baba, za ta same ka."

"Bar ni a nan," ya ce. "Ai na gaya miki a gaba-gaba zan zauna."